Nazarin Lamari: Tagogi 11 na Wani Gida a Kano da Yadda Aka Gane Waɗanda Suka Isa Sauyawa

A ƙarshen watan Agustan bara, bayan wani ruwan dare da ya zo da iska mai ƙarfi daga gabas, aka wayi gari ɗakin gwaggona Hajiya, ƙanwar mahaifina, ya jiƙe tun daga gindin taga har ƙarƙashin gado. Kafet ya sha ruwa, katifa ta jiƙe ta gefe ɗaya, jakar da take ajiye takardun gida da na fanshon marigayi mijinta kuwa da ƙyar aka tsame ta kafin ruwan ya ratsa ta. Ba wannan ne karo na farko da ruwa ya shigo ɗakin ba, amma shi ne karon da labari ya kai kunnen babban ɗanta da ke aiki a Abuja, wanda nan take ya yanke hukuncin a ciccire tagogin gidan gaba ɗaya, a sa na alminiyam masu zamewa gefe, masu baƙin gilashi, irin waɗanda ake yayi. Kafin kwana uku mai aikin alminiyam ya zo ya auna, ya ce duk tagogin sun mutu, ya kuma rubuta kuɗin aikin da abin da yake so a ba shi na kafin alƙalami. Da yake duba gine-gine ne sana'ata, Hajiya ta ce kada a ba kowa ko sisi sai na zo na gani da idona.

Kuɗin da aka rubuta ba ƙaramin kuɗi ba ne, domin tun bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023 kayan gini suka yi tashin gwauron zabi, musamman waɗanda ake shigowa da su ko ake haɗawa da kayan waje, kamar alminiyam da gilashi. Amma ba tsada kaɗai ta sa na tsaya na yi dubawar a tsanake ba. Na sha ganin mutane suna yi wa taga hukunci da gilashinta, alhali ran taga a firam yake, da kuma wurin da firam ɗin ya haɗu da bango.

Gidan da tagoginsa

Gidan na bulo ne da rufin kwano, ba bene ba, an gina shi a farkon shekarun 1980, sannan bayan shekaru aka ƙara masa ɗaki ɗaya ta baya lokacin da yara suka girma. Tagoginsa 11 ne, iri uku. Guda 6 na asali ne, wato tagogin luba masu jerin gilasai kwance da ake ɗagawa da saukewa da ɗan mariƙi, kowace a zaune cikin firam na katako. Guda 3 na ƙarfe ne, aikin mai walda, masu ganye biyu da ke buɗewa waje, biyu a ɗakin da aka ƙara, ɗaya a kicin. Ragowar 2 na alminiyam ne masu zamewa, an sa su a falo kimanin shekara 10 da suka wuce. Kowace taga tana da ƙarafan tsaro da ragar sauro, ko dai abin da ya rage na ragar.

Kafin na taɓa komai na zana gidan a takarda, na rubuta kowace taga da inda take kallo, domin a Kano wannan ba ƙaramar magana ba ce. Guguwar farkon damina da ruwan da ke zuwa da iska daga gabas suke tasowa su nufi yamma, shi ya sa bangon gabas ne ke shan duka fiye da sauran. Magina na dā sun san haka sarai, kuma a ginin ƙasa bangon gabas ne aka fi kula da yaɓensa. Daga arewa maso gabas kuma iskar hunturu ke busowa, ɗauke da ƙurar Sahara, wadda da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Tsakanin waɗannan lokuta biyu katako ba ya samun hutu. A watan Agusta danshin iska kan kai kusan kashi 80 cikin 100, katako ya sha ya kumbura; a tsakiyar hunturu ya sauka ƙasa da kashi 20, katakon ya bushe ya tsuke, mahaɗansa su buɗe, fenti ya tsattsage. Katakon da ya shekara 40 yana wannan kumburi da tsukewa, ko da na kirki ne, dole a tambaye shi lafiyarsa. Tagogi 3 ne ke kallon gabas a gidan: biyu na ɗakin Hajiya, da ta ƙarfe ɗaya a ɗakin da aka ƙara. Bakin rufin da ke wannan gefen kuwa bai fito ya wuce ƙafa ɗaya ba, saboda haka babu abin da ke kāre su.

Yadda aka duba

Kayan da na yi amfani da su babu wanda ba a samu a gida ko a shagon unguwa: sukudireba, ƙaramar guduma, tef na awo, lebur na gane ko wuri ya karkata, tocila, tiyon ruwa, fensir, da turaren tsinke. Amma na fara ne da tambaya, kuma wadda ta fi ba ni amsa mai amfani ita ce yarinyar da ke share gidan. Ita ta san tagar da ake samun ƙura ta taru a gindinta kowace safiya a hunturu ko da an rufe ta, ita ta san wadda ake samun wani abu kamar garin katako a ƙarƙashinta, kuma ita ta gaya mini cewa akwai tagar da sau biyu gilashinta yana tsagewa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Mai gida yakan faɗi abin da ya dame shi, mai shara kuwa yakan faɗi abin da yake gani kullum.

Daga nan na bi tagogin ɗaya bayan ɗaya. Kowace na buɗe ta na rufe ta sau da yawa, na danna bakin sukudireba a jikin firam, musamman kusurwoyin ƙasa inda ruwa ke kwanciya, na ƙwanƙwasa da guduma ina sauraron sauti, na auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta ɓangarori biyu don in ga ko firam ɗin ya karkace, sannan na rufe ta na zagaya gefunanta da turaren tsinke ina kallon inda hayaƙi ke karkata. Gwajin ruwa shi na bari ƙarshe, kuma ba duka tagogin na yi wa ba.

Tagogin ɗakin Hajiya

Duk wanda ya shiga ɗakin nan ba zai ce tagoginsa ne matsalar gidan ba, domin su ne mafi kyan gani. Gilasansu cikakku ne, babu wanda ya fashe, kuma shekara biyu kafin nan an shafa musu farin fenti mai ƙyalli lokacin bikin ƙaramar 'yarta. Da na danna sukudireba a kusurwar ƙasa ta tagar farko, sai ta nutse kusan santimita 3 ba tare da na yi wani ƙarfi ba, kamar na soka ta cikin dafaffen rogo. Abin da ya fito baƙi ne, jiƙaƙƙe, mai warin ruma. Na bi katakon ƙasan nan daga wannan gefe zuwa wancan, na tarar fiye da rabinsa haka yake, kuma ruɓewar ta haura katakon tsaye na dama kimanin taki ɗaya. Katako ba ya ruɓewa sai ya daɗe a jiƙe, danshinsa ya wuce kusan kashi 20 cikin 100 ya zauna a haka, wanda ke nufin wannan wurin ya shafe damina da yawa yana shan ruwa ba ya bushewa.

Gwajin ruwa ne ya nuna dalili. Na sa wani yaro ya tsaya a waje da tiyo, ruwan yana zuba a hankali ba tare da an matse bakinsa ba, ni kuma ina ciki da tocila. Ƙa'idar wannan gwaji ita ce a fara daga ƙasa, a tsaya minti biyar, sannan a ɗaga sama kaɗan, domin idan aka fara daga sama ruwan zai gangaro ya jiƙa ko'ina, ba za a san ta inda ya shiga ba. Ba mu ma kai ga gilashi ba. Cikin minti biyu da zuba ruwa a gindin tagar ta waje, sai ga shi yana tsattsafowa ta ƙarƙashin firam yana gangarowa jikin bango ta ciki. Da na fita na ɗora lebur, na ga abin da ya faru. Gindin taga ya kamata ya karkata waje don ruwa ya zube, amma wannan an sha yi masa facin siminti, kowane birkila ya ɗora nasa a kan na wancan, har bakin waje ya fi na ciki tudu. Gindin tagar ya zama ɗan kwatami, ruwa ya taru a ciki ya rasa hanya sai ta ƙarƙashin katako. Wannan shi ne gyaran gangar auzinawa na gaske, don kowane faci da aka yi da niyyar hana ruwa shiga ƙara masa hanya ya yi.

Taga ta biyu ba ta ruɓe haka ba, kuma da farko na ɗauka za ta tsira. Sautinta ne ya tona ta. Katako mai lafiya idan an ƙwanƙwasa shi sautinsa a cike yake, wannan kuwa ƙara yake kamar an bugi ƙwarya. Na matsa da babban yatsa a katakon tsaye na hagu, fentin ya lotsa, ya fashe, jar ƙasa ta zubo. Gara ce. Ta cinye cikin katakon ta bar ɓawo mai kaurin takarda, wanda fentin bikin ya rufe, an yi kitso da ƙwarƙwata ke nan. Da aka janye kabad ɗin da ke jikin bangon, sai ga hanyarta ta jar ƙasa, siririya kamar fensir, ta taso daga wata tsaga a daɓe ta hau bango har zuwa firam. Wannan ya sa na ɗauki tsani na leƙa cikin silin, domin garar da ta kai taga babu abin da zai hana ta kaiwa katakon rufi, wanda asararsa ta ninka ta taga nesa ba kusa ba. Allah ya taimaka ba ta kai ba.

Hajiya, wadda ke kirana Babana saboda sunan mahaifinta aka sa mini, tana tsaye tana kallo. Ta ce, "Babana, ashe da ɓawo nake kwana?" Na ce, "Gwaggo, ƙarafan tsaron ma a jikin wannan katakon aka kafa su." Na kama ƙarfe ɗaya na jijjiga, duk jerin ya motsa. Wannan ne ya yanke maganar, domin tagar da firam ɗinta ba zai riƙe ƙusa ba, ba ta hana ruwa, ba ta hana ɓarawo. Da ruɓewar a ɗan wuri ɗaya take, da kafinta zai iya yanke wurin ya dasa sabon katako, kuma na sha ba da wannan shawarar a wasu gidajen. Idan ta cinye mahaɗar kusurwa, ko ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na firam, a ganina kuɗin faci asara ne. Tagogin biyu duka na rubuta su cikin waɗanda za a sauya.

Ƙaramar tagar banɗaki ita ma ta bi su, duk da cewa yamma take kallo. Nata ruwan daga ciki yake zuwa, na wanka da tururi, kuma katakon ƙasanta ya riga ya zama gari.

Tagogin ƙarfe guda uku, hukunci uku

Ta kicin ita ce mafi muni a ido, baƙi ƙirin da hayaƙi da maiƙo, ga jar tsatsa a ko'ina. Da na kankare wani wuri da takardar yashi, sai farin ƙarfe ya bayyana nan da nan, na buga da guduma ya amsa da ƙarfi. Tsatsar a sama take kawai. Abin da take buƙata shi ne a kankare ta, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa, a bi da fentin mai, a sake abin da ke riƙe gilashin wanda ya bushe ya zube.

Ta gabas a ɗakin da aka ƙara labarinta daban ne. Da fayif mai kusurwa huɗu aka yi firam ɗinta, mai rami a ciki, kuma mai waldar bai toshe bakunan ba, bai kuma huda ƙasan don ruwan da ya shiga ya fita ba. Irin wannan ƙarfe daga ciki yake mutuwa. Na buga ƙasan da guduma, tsatsa ta zubo falle-falle kamar ɓawon albasa, na sa ƙusa ta huda ta wuce. Abin da ya fi wannan shi ne abin da ta yi wa bango. Idan ƙarfe ya yi tsatsa kumbura yake yi, tsatsar takan ci wuri ninki biyu zuwa shida na ƙarfen da ta fito daga gare shi, kuma ƙarfin wannan kumburi ya isa ya fasa siminti. Ƙafafun da aka binne cikin bango don riƙe firam ɗin sun kumbura sun tsaga filasta a wurare huɗu, kowace tsaga ta zama sabuwar ƙofar ruwa, ruwan kuma ya ƙara ciyar da tsatsar. Ta ciki, fentin bangon da ke ƙarƙashin tagar ya kumbura ya yi ƙuraje, ga wani farin abu kamar kanwa a jikinsa, wanda gishirin da ruwa ke fitarwa ne daga cikin bulo. Wannan ita ce ta huɗu a jerin sauyawa, kuma da an bar ta damina biyu nan gaba, da ba taga kaɗai za a sauya ba.

Ta uku, wadda ke kallon yamma a wannan ɗakin, ita ce ta fi ɗaukar mini lokaci, kuma ita ce wadda mai aikin alminiyam ya fi nunawa a matsayin hujjarsa, domin ba ta rufuwa sam, da waya ake ɗaure ta. Ita ce kuma wadda yarinyar ta ce gilashinta ya tsage sau biyu. Ƙarfenta lafiya lau yake, babu tsatsar kirki. Da na auna kusurwa zuwa kusurwa, sai na sami bambancin kusan santimita 2 tsakanin awon biyu, a tagar da faɗinta da tsayinta duka santimita 120 ne. Firam ɗin da aka yi shi daidai, awon nan biyu ɗaya suke zama. Ƙarfe kuma ba ya karkacewa don kansa, sai wani abu ya matse shi.

Na koma waje na ja da baya na kalli bangon gaba ɗaya. Akwai tsaga da ta taso daga kusurwar sama ta tagar, kusa da bakin linta, wato zubin kankaren da ke saman taga, ta haura tana bin layin bulo kamar matakala, akwai kuma wata da ta sauka daga kusurwar ƙasa ta ɗaya gefen ta nufi ƙasa. An taɓa cike su da siminti, sun sake buɗewa. A gindin wannan bangon ne bututun da ke kwashe ruwan wanki da na alwala ya bi, kuma da aka tona kaɗan aka tarar ya fashe, ƙasar wurin ta zama taɓo. Ɗakin da aka ƙara harsashinsa bai kai zurfin na asalin gidan ba, saboda haka kusurwar nan ta ɗan zauna, bango ya bi ta, ya murɗe tagar, gilashi kuma, da yake ba ya lanƙwasa, ya tsage. Da an cire wannan taga an sa ta alminiyam, wanda bai kai ƙarfe ƙwari ba, da cikin 'yan watanni ita ma ta cije, tsugune ba ta ƙare ba. Na ce a gyara bututun nan take, a bar tagar yadda take. Na shafa ɗan siririn siminti a kan tsagar a wurare biyu, na rubuta kwanan wata da fensir a gefe, domin idan bangon yana ci gaba da motsi simintin zai tsage ya faɗa mana.

Waɗanda suka fi muni a ido

Tagar ɗakin baƙi gilasai uku ne babu a jikinta, an cusa kwali a gurbinsu, ragar sauron ta yage tana lilo. Amma tana ƙarƙashin baranda, ruwa bai taɓa dukanta ba, kuma katakonta na maɗaci ne, sukudireba ko shiga ba ta yi. Gilasai uku da sabuwar raga, shi ke nan. Ta ɗakin yara da ta sito katakonsu lafiya, ƙarafan gefe masu riƙe gilasan ne suka cije suka lanƙwashe, waɗanda ake sayarwa daban a kasuwa, a kwance tsofaffin a ɗaura sababbi. Ragar kuwa na nace a sauya ta a duk gidan, domin sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro da dare yake cizo, kuma rami ɗaya da yatsa zai shiga ya ishe shi.

Na alminiyam biyu na falo su ne mafi ƙuruciya, amma sai an sa hannu biyu ake jan su. Ƙurar hunturu ta shekaru ta cika layin da ganyen ke gudu a kai, ta haɗu da ruwa ta daskare, ta cinye ƙananan tayoyin da ke ƙarƙashi, ta kuma toshe 'yan ramukan da aka huda don fitar ruwa. Gashin da ke gefen ganye mai tare ƙura shi ma ya ƙare. An wanke layin, an buɗe ramukan da waya, an sa sababbin tayoyi da gashi, suka dawo ana jan su da yatsa ɗaya. Na nuna wa ɗan Hajiya wannan ta bidiyo da gangan, don ya ga cewa irin tagar da yake so a cika gidan da ita ba ta fi ƙarfin lalacewa ba.

Da me za a sauya?

Lissafin ya tsaya a haka: 4 za a sauya, 6 za a gyara, 1 kuma ba laifinta ba ne. Ɗan Hajiya ya amince da wannan ba tare da gardama ba, amma mun daɗe a waya kan irin tagar da za a sa. Shi yana son mai zamewa da baƙin gilashi mai sheƙi kamar madubi, don gidan ya yi kama da na zamani, kuma don kada na waje ya ga ciki. Na ce masa, "Yaya, ka tuna watan Afrilu a ɗakin nan idan babu wuta." Taga mai ganye biyu masu zamewa ba ta taɓa buɗewa fiye da rabi, domin dole ganye ɗaya ya tsaya a bayan ɗaya. Luba kuwa kusan dukkan faɗinta iska ke bi. A garin da zafin bazara ke wuce digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, ga wutar lantarki ba tabbas, rage wa tsohuwa rabin iskar ɗakinta ba gyara ba ne. Gilashin madubin kuma da rana kawai yake sutura. Da dare idan aka kunna fitila a ciki abin juyawa yake yi, na waje ya ga na ciki tar, na ciki bai ga kowa ba, wanda ga gidan da ke da mata wannan ba abin wasa ba ne.

Ita ma luba tana da nata aibin, kuma ban ɓoye shi ba: ba ta rufuwa ruf, ƙurar hunturu da sanyin asuba suna bi tsakanin gilasai, ruwan da iska ta koro kuma yakan sami hanya. Saboda haka ga tagogin gabas uku muka tsaya a kan ta alminiyam mai buɗewa waje kamar ƙofa, wadda ke buɗe dukkan faɗinta, idan an rufe kuma ganyen ya danne roba ya toshe. Gilashi fari mai kaurin milimita 5, da labule. Banɗaki aka mayar masa da luba, amma a firam na alminiyam, da gilashin da haske ke ratsawa ido ba ya ratsawa. Na sa sharaɗi cewa kaurin alminiyam ɗin kada ya gaza milimita 1.2, domin akwai mai laushi a kasuwa wanda yatsa ke lotsawa, kuma idan an shafa masa launi ba a bambanta shi da na kirki sai an auna.

Abu ɗaya na ƙara wanda babu wanda ya nema. Duk tagogin gidan a like suke da ƙarfe, ƙofar fita kuma ta falo ce, kusa da kicin. Idan gobara ta tashi daga can, Allah ya kiyaye, na cikin ɗakuna ba su da mafita. Na sa mai walda ya yi ƙarafan tsaron ɗaya daga tagogin Hajiya su zama masu buɗewa, da kwaɗo ta ciki, aka kafa ƙusa a bango inda hannun na waje ba zai kai ba, aka rataye makullin. Sababbin ƙarafan a jikin bango aka kafa su, ba a jikin firam ba.

Aikin da abin da ya biyo baya

An jira har ruwa ya ɗauke, aka yi aikin a watan Oktoba kafin hunturu ya kankama, kuma an ba wa mai aikin alminiyam ɗin nan na farko, domin hannunsa yana da kyau. Kafin ya zo, an fasa tsofaffin gindin tagogin gabas har zuwa bulo, an sake zuba su da karkata zuwa waje, bakinsu ya fito ya wuce bango da santimita 4, an kuma yanka siririn layi a ƙarƙashin bakin don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi jikin bango. An zuba maganin gara a tsagar daɓe da gindin bangon, an bar bangon da ya jiƙe ya sha iska mako biyu kafin filasta da fenti. Sai da simintin ya bushe aka sa firam, domin ɗanyen siminti yana cin alminiyam ya bar masa tabo. An bar 'yar tazara tsakanin firam da bango aka cike ta da silikon, ba da siminti ba, saboda alminiyam yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Firam mai tsawon mita ɗaya da rabi zai iya ƙaruwa da kusan milimita 1 tsakanin sanyin asuba da tsakar rana, kuma siminti ba ya bin wannan motsi, tsagewa yake yi. Da aka gama na maimaita gwajin tiyo daga ƙasa zuwa sama, aka sami ɗigo a kusurwa ɗaya inda silikon bai cika ba, aka gyara kafin a biya cikon kuɗi.

Hunturu ya zo ya wuce, yarinyar ta ce ƙurar ɗakin Hajiya ta ragu ƙwarai, kuma ruwan farkon daminar bana, wanda ya zo da iskar da ta kwashe kwanon wasu gidaje a unguwar, bai shiga ɗakin ba. Tagar yamma kuwa tana nan da wayarta. Alamun siminti biyu na farko sun tsage cikin wata biyu, lokacin da ƙasar da ta jiƙe take bushewa, na sake shafa wasu a watan Janairu, kuma har zuwan da na yi na ƙarshe ba su motsa ba. Mun yi da Hajiya cewa idan daminar nan ta fita suna nan lafiya, a Oktoba za a cike tsagar, mai walda ya kwance firam ɗin ya daidaita shi ya mayar, a sa sabon gilashi. Idan kuwa suka tsage, birkila za a kira ya haƙa gindin kusurwar a ƙarfafa harsashi kafin a sake maganar taga.